Night at the Museum na uku: ina ya kamata a rufe labarin?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Daren jiya na zauna da yarana muka sake kallon fim ɗin Night at the Museum na uku, wanda aka yi wa laƙabi da Secret of the Tomb, na shekarar 2014. Babban ɗana Sadiq ne ya nemo shi. Saura kwana tara ya tafi jami'a, ya ce kafin ya tafi mu ƙarasa abin da muka faro tun yana ƙarami. Na farkon, na 2006, a kan cinyata ya kalle shi lokacin da muka samu faifansa, yana ɗan shekara huɗu. Duk sa'ad da ƙwarangwal ɗin nan na dainoso ya taso da gudu sai ya cusa fuskarsa cikin rigata, yana leƙe da ido ɗaya.

Da na fara ganin na ukun shekarun baya, na ɗauke shi mafi rauni a cikinsu. Jiya kuwa ya taɓa ni inda ban zata ba. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai, shi ya sa na kawo maganar nan. Bayan Larry maigadi ya yi sallama da kowa a gidan tarihin Niyok, gari ya waye, kowane mutum-mutumi ya koma ya daskare a mazauninsa, a nan ya kamata a rufe fim. Sai aka ƙaro wani yanki wai bayan shekara uku, aka dawo da allon zinaren Masar, wanda ke rayar da kayan tarihin da dare, daga Landan, kowa ya sake farkawa, ana kiɗa ana rawa. A ganina wannan ƙarin ya zubar da nauyin bankwanan. Ku me kuka gani?

Kabir Z:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni matsalata da fim ɗin ta wuce mintunan ƙarshe. Gaba ɗayansa maimaici ne. Na farko a Niyok, na biyu a 2009 aka kwashe su zuwa gidan tarihin Smithsonian a Washinton, na uku aka ce to sai Landan. Gini ake canzawa, labarin ɗaya ne: dare ya yi, kayan tarihi sun farka, ana guje-guje har asuba. Ko kuɗin da suka kawo ya nuna jama'a sun fara gajiya. Na farko ya haura dala miliyan 570 a duniya, na biyu miliyan 400 da 'yan kai, na uku wajen miliyan 360. Da kuɗin hawa yake yi, ba za su yi mana bankwana ba.

Maman Husna:
Kabir, ban yarda labarin ɗaya ne ba. A na farko tsofaffin masu gadi uku ne suke son sace allon. A na biyu Kahmunrah ne, wan Ahkmenrah fir'aunan da allon yake nasa, yake son ya yi amfani da shi ya mulki duniya. Duka biyun akwai mugu da za a kayar. A na uku fa? Allon da kansa ne yake mutuwa, wata tsatsa koriya tana cinsa a hankali, kuma duk lokacin da ta ƙara ci sai waɗanda yake rayarwa su ƙara lalacewa. Hannun Teddy, mutum-mutumin Theodore Roosevelt, ya fara komawa kaki, Ahkmenrah ya fara komawa gawa. Babu wanda za ka doka ka ce ka gama. Lancelot ma da ya gudu da allon ba mugu ba ne, ruɗewa ya yi, bai san shi mutum-mutumi ne ba.

Husna tana da shekara bakwai da muka kalla. Da biri Dexter ya kwanta a kan rufin nan ya daina motsi, sai ta matso ta riƙe min hannu ta ce, Mama ba zai tashi ba ne? Ba ta yi min irin wannan tambayar a na farko ko na biyu ba.

Kabir Z:
Anti, amma ai ya tashi. Ko minti biyu ba a yi ba, wata ya haska allon, kowa ya warke. Abin da nake faɗa ke nan, kuma shi ne Kawu ya faɗa game da ƙarshen. Suna nuna maka rashi, kafin ka gama jin zafinsa sun mayar maka da abinka.

Malam Idi:
Ku bari in shigo ta wata ƙofar. Ni malamin tarihi ne, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farkon fim ɗin. An buɗe shi a Masar a 1938, masu haƙar kayan tarihi suna neman kabari, wani yaro ya rufta ciki ya gano shi. Mutanen wurin suka yi gargaɗi kada a ɗauke allon, ba a saurare su ba. Yaron nan shi ne Cecil, tsohon maigadin da ya so sace allon a fim na farko. Wannan ɗaurin ya yi kyau ƙwarai, ya sa ka koma ka kalli tsohon da wani idon.

Amma ku duba abin da ya biyo baya. Kabari ɗaya, iyali ɗaya: ɗa, uwa da uba. Aka kai ɗan Niyok, aka kai iyayen gidan tarihin Birtaniya a Landan. Uban nan Merenkahre, wanda Ben Kingsley ya fito a matsayinsa, ya faɗa da bakinsa cewa ya sa an ƙera allon ne domin ko mutuwa kada ta raba su. Mutuwa ba ta raba su ba, masu haƙa ne suka raba su, kamar ana rabon kayan gado. Fim ɗin ya faɗi wannan ya wuce ba tare da ya tsaya a kai ba. Kuma a ƙarshe da aka haɗa iyalin, a Landan aka haɗa su. Babu ko mutum ɗaya a labarin da ya ce a mayar da su Masar. Alhali a wannan ginin dutsen Rosetta, tsohon dutse mai rubutu na Masar, yake tun 1802, kuma Misirawa sun daɗe suna kiran a dawo musu da shi.

Zainab A:
Malam, wallahi ban taɓa lura da wannan ba. Sai yanzu da ka faɗa. Kuma shi Rami Malek da ya fito a Ahkmenrah iyayensa daga Masar suke.

Malam Idi:
Haka ne 'yata. A lokacin ba a san shi sosai ba, sai a 2019 ya ci kyautar Oscar.

Umm Khalid:
Ku yi haƙuri in kawo abin da ya dame ni, ko da ba shi ake magana ba. Ni ban bar yarana sun kalli na ukun ba har yanzu. An gaya min a ciki ana cewa wani abin bautar wata ne ya ba allon ƙarfinsa, ga kuma gawa tana tashi. Yaro ƙarami abin da ya gani shi yake ɗauka. Ku da kuka kalla da naku, yaya kuka yi?

Maman Husna:
Gaskiya ne Yaya, akwai wannan a ciki, kuma tambayarki a kan hanya take. Ni abin da na yi, na tsayar da fim ɗin a daidai wurin. Na ce musu mutanen Masar na dā haka suka yi imani, suna bauta wa rana da wata da wasu abubuwa, kuma wannan kuskure ne, masu fim sun ɗauko shi ne su gina tatsuniya. Husna ta ce ai ta sani, ƙarfe ba ya tayar da matacce. Muka ci gaba. Amma ke kika san yaranki. Idan ranki bai kwanta ba, ki fara kallonsa ke kaɗai tukuna, bai kai awa biyu ba.

Malam Idi:
Sunan da aka ambata Khonsu ne, kuma ba masu fim suka ƙirƙire shi ba. Misirawan dā sun danganta shi da wata, har yanzu ginin da suka yi masa yana nan a Karnak. Ahkmenrah da ubansa su ne ƙirƙira, babu fir'auna mai wannan suna. Ina yi wa ɗalibaina wannan rarrabewar da finafinan nan, suna jin daɗinta. Theodore Roosevelt mutum ne na gaske, ya shugabanci Amurka daga 1901 zuwa 1909. Sacagawea ma ta gaske ce, ta raka tafiyar Lewis da Clark a farkon ƙarni na 19. Attila ya rayu a ƙarni na 5. Garin Pompeii dutse mai aman wuta ya binne shi a shekara ta 79 miladiyya. Lancelot kuwa ɗan tatsuniya ne. Idan yaro ya iya ware na gaske daga na ƙage, ya samu abin da ya fi dariyar amfani.

Umm Khalid:
Na gode muku. Zan kalla ni kaɗai in gani.

Nura S:
Baba Abban Sadiq, ni ta ɓangaren Nick zan yi magana, ɗan Larry. Da na kalli fim ɗin ina sakandare haushin Larry na ji. Yaro ya ce ba zai shiga jami'a yanzu ba, yana son ya yi shekara ɗaya yana saka waƙa a wuraren casu a Ibiza, uban ya ƙi ko sauraronsa. Bara na sake kalla, sai na ga ai uban ba ƙin sa yake ba, tsoro yake ji. Shi kansa a fim na farko mutum ne marar aikin kirki, ya rabu da matarsa, yana neman abin da zai sa ɗansa ya daina jin kunyarsa. Aikin gadin nan don Nick ya karɓe shi. To yanzu Nick ya girma yana shirin tafiya, gidan tarihin ma yana shirin mutuwa. Abu biyun da ya gina rayuwarsa a kai suna zamewa a dare ɗaya.

Abin da bai yi min ba shi ne canza yaron. Jake Cherry ne ya yi Nick a biyun farko, a na uku aka kawo Skyler Gisondo. Ya yi ƙoƙari, amma da fuskar da muka sani ce ta girma a gabanmu, da abin ya fi shiga jiki.

Abban Sadiq:
Nura ɗana, ka taɓo inda yake min ciwo. Jiya da aka zo wurin da Larry yake wa Nick faɗa, sai na ji Sadiq ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Wata uku da suka wuce mun yi irin wannan zaman a kan fannin da zai karanta. Na so ya yi injiniya, shi kuma zane da tsarin gine-gine yake so. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Daga baya na bar masa zaɓinsa, amma ban taɓa buɗe baki na ce na yi kuskure ba. Ƙannensa suna ta dariyar biri, mu biyu kowa idonsa a kan talabijin, babu wanda ya kalli wani.

Zainab A:
Allah Ya sa albarka a karatunsa, Baba.

Ni kuma ba na iya kallon fim ɗin nan ba tare da tunanin Robin Williams, mai yin Teddy, ba. Ya rasu ranar 11 ga Agusta 2014 yana da shekara 63, fim ɗin ya fito a Disamba. Duk wanda ya shiga sinima a lokacin ya san mutumin da yake kallo a kan doki ba ya duniya. Bayan rasuwarsa bincike ya nuna yana fama da wata cutar ƙwaƙwalwa mai suna Lewy body, wadda ke taɓa tunani da barci da motsin jiki, kuma ba a gano ta ba yana raye. Matarsa ta bayyana daga baya cewa a lokacin ɗaukar wannan fim ɗin yana shan wuyar riƙe kalmomin da zai faɗa, mutumin da aka san shi da saurin baki da kaifin tunani. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga masu irin wannan ciwon. Mutum yana jin abu yana kufce masa, bai san sunansa ba.

Yanzu ku tuna rawar da ya taka. Mutum-mutumin kaki ne wanda ke rikicewa yana faɗin abin da ba shi ya yi niyya ba, jikinsa yana daskarewa kaɗan-kaɗan. Sannan a ƙarshe ya hau dokinsa, ya zare takobi, ya ce wa Larry ya yi murmushi domin gari ya waye, ya tsaya cak. Masu rubutun ba su san abin da zai faru ba. Amma haka ya zo.

Maman Husna:
Zainab kin sa ni hawaye. Sabo ake wa kuka.

Kabir Z:
Wannan wurin kam ba ni da ja, Anti Zainab. Shi kaɗai ya isa a tuna fim ɗin. Kuma ba shi kaɗai ba ne, Mickey Rooney, ɗaya daga tsofaffin masu gadin, ya rasu a Afrilun wannan shekarar yana da 93. Su biyun aka sadaukar wa fim ɗin. Dick Van Dyke kuwa, mai yin Cecil, haihuwar 1925 ne, amma ku ga yadda yake taka rawa a gidan tsofaffin nan.

Amma wannan ma yana ƙarfafa maganar Kawu ne. Bayan irin wannan bankwanan, me ya kawo casu?

Sani Mai Zane:
Ku dakata da baƙin ciki kaɗan, fim ɗin barkwanci ne fa. Ni wurin da ya fi burge ni shi ne inda Larry da Teddy da Lancelot suka faɗa cikin zanen Escher na matattakalai, wanda ya yi a 1953. Kowace matattakala da nata sama da ƙasa, mutum ya faɗo ta nan ya ɓullo ta can a kife, allon yana gangarawa ta inda ba ka zata ba. A cikin finafinan uku babu inda aka yi amfani da dabarar kayan tarihi masu rai da basira kamar nan. Sai kuma zakunan tagulla na dandalin Trafalgar da aka shagaltar da hasken tocila kamar kyanwoyi.

Nura S:
Ni kuma Lancelot da ya kutsa gidan wasan kwaikwayo ya tarar da Hugh Jackman yana yin Sarki Arthur, ya ɗauka na gaske ne. Da hancinsa da ya narke ya zazzago saboda zafin wuta. Dan Stevens ya iya.

Umm Khalid:
Akwai abin da bai dace da yara ba ta fannin barkwancin?

Maman Husna:
Kaɗan ne Yaya. Jedediah kaboyi da Octavius na Rum, 'yan ƙananan mutum-mutumi, sun faɗa cikin ƙaramin samfurin Pompeii, wuta ta biyo su, biri ya kashe ta da fitsari. Yara suna mutuwar dariya a nan, ni ban so ba. Sai soyayyar Tilly maigadin Landan da Laaa mutumin kogo, wanda shi ma Ben Stiller mai yin Larry ne ya yi shi. An ja ta da yawa, kuma ba ta ƙara wa labarin komai ba. Da an rage ta an ba Sacagawea wuri, domin a na ukun kusan ba ta yi magana ba.

Malam Idi:
Mu koma kan tambayar mai gida. Abban Sadiq, kada mu manta ba Larry ne ya yanke shawarar barin allon a Landan ba. Su mutum-mutumin ne suka zauna suka amince Ahkmenrah ya tsaya wurin iyayensa da allonsa, sun san idan suka koma Niyok ba za su ƙara farkawa ba. Larry ma ƙi ya yi da farko. Wannan sadaukarwa ce babba, kuma na fahimci dalilin da ya sa kake ganin dawo da allon ya rage mata daraja. Sai dai aro aka kawo shi, baje koli ne na ɗan lokaci, zai koma. Kuma akwai bashin da labarin ya biya a nan. Dakta McPhee, shugaban gidan, finafinai uku yana zaune a kan abin mamaki bai taɓa sanin gaskiyarsa ba, har aikinsa ya rasa a dalilinsa, sai da Larry ya ɗauki laifin a kansa aka mayar da shi. A wannan daren ne ya gani da idonsa.

Abban Sadiq:
Malam, na ji batun McPhee, kuma hujja ce. Amma har yanzu ina ganin an ji tsoron barin yara su fita sinima da nauyi a zuciya. Yara suna iya ɗauka fiye da yadda muke zato. Husna ta Maman Husna ta nuna haka.

Nura S:
Baba, ka sake duba wurin da kyau. Larry bai shiga ba.

Abban Sadiq:
Kamar yaya?

Nura S:
Casun ana yinsa ne a ciki. Shi yana waje a kan titi, ya bar aikin gadi ya zama malamin makaranta. Ya tsaya yana kallon fitilu suna walƙiya ta tagogi, ya gane abin da ke faruwa, ya yi murmushi. Bai haye matattakalar ba. Teddy yana ciki, Dexter yana ciki, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma bai je ba. Bankwanan da ya yi yana nan yadda yake. Su ne suka ci gaba da rayuwa ba tare da shi ba, shi kuma ya ji daɗin hakan daga nesa.

Kabir Z:
To amma a 2022 Disney, da suka sayi kamfanin Fox, sun fitar da na zane mai motsi, inda Nick ya zama maigadin dare. Ina bankwanan yake?

Sani Mai Zane:
Wancan daban ne Kabir, ba 'yan wasan nan ba ne suka yi muryoyin, kuma ba Shawn Levy ne ya ba da umarni ba kamar ukun farko. Ni ba na lissafa shi a cikinsu.

Kabir Z:
Ni ma ba na lissafa shi. Amma ina nan kan bakana cewa na farko ya fi duka. Abin da na janye shi ne cewa na ukun maimaici ne kawai. Maganar Anti Maman Husna da ta Anti Zainab sun canza min wannan.

Abban Sadiq:
Na koma na kalli mintunan ƙarshen yanzu a waya, sau biyu. Nura ya yi gaskiya, bai shiga ba. Jiya hankalina yana kan masu rawa, ban kula da mutumin da ke tsaye a waje cikin sanyi ba. Har yanzu da ni ne mai yanka fim ɗin, da na rage kiɗan da rawar na bar shi a tsaye a titin ya ɗan daɗe. Amma na daina cewa a cire wurin.

Sadiq ya shigo ya same ni ina kallo, ya ce Abba ba jiya muka gama wannan ba? Na ce masa zauna. Na gaya masa abin da ban faɗa ba wata uku da suka wuce. Bai ce komai ba, sai ya ɗauko takardar kayan da makarantar ta ce su zo da su ya miƙo min, wai in duba ko akwai abin da ya manta. Ya manta katifa da fitilar karatu. Gobe da safe za mu fita nema.

Umm Khalid:
Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo da shi lafiya. Maman Husna, a wane minti ne wurin birin nan yake, in san inda zan tsallake?